Zaƙin Salla da Lafiyar Haƙora: Bayani ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Zango

An shirya wannan ɗan littafi ne domin hakimai da dagatai da malaman da ke riƙe da alƙalaminsu a ƙasar Zango da sauran ƙasar Daura. Abin da ake so shi ne ku karanta, ku fahimta, sa'an nan ku isar da shi ga talakawa da bakinku, gama maganar da ta fito daga ƙofar hakimi ta fi shiga kunne bisa wadda baƙo ya kawo.

Zango tsohon mazaunin sarakuna ne. A nan sarakunan Daura na tsohon gida suka zauna a cikin ƙarni na 19, kafin sarauta ta koma birni a hannun Malam Musa a farkon ƙarni na 20. Saboda haka Salla a wannan ƙasa ba ƙaramin sha'ani ba ce. In an sauko daga idi, yara su kan fita yawon Salla gida gida, a ba su barka da Salla. Abin da suka samu kuwa, kusan duka a teburin mai alewa yake ƙarewa. Haka ake yi a Ƙaramar Salla, haka a Babba, haka kuma lokacin Gani a birnin Daura. Ba wanda zai ce a hana yara murna. Amma akwai wata ɓarna da ke biyo bayan zaƙi, wadda ba a ganinta ran Salla, sai bayan watanni, sa'ad da yaro zai kwana yana kuka da kumburarren kumatu. To, ita ce za mu bayyana.

1. YADDA HAƘORI YAKE

Allah ya ba ɗan Adam haƙora sau biyu kaɗai. Na farko guda 20 ne. Su kan fara tsirowa jariri yana da kamar wata shida, su cika kafin ya shekara uku. Na biyu guda 32 ne, su ne ke fitowa bayan famfara. In ɗaya daga cikinsu ya tafi, ya tafi ke nan, sai giɓi har abada.

Kowane haƙori hawa uku gare shi. A waje akwai farin ɓawo, wanda ya fi kome tauri a jikin mutum, har ƙashi bai kai shi ba. A ƙarƙashinsa akwai wani sashi mai ɗan rawaya, wanda bai kai ɓawon ƙarfi ba. Can tsakiya kuma akwai jijiya da hanyoyin jini, nan ne ran haƙori yake. Farin ɓawon nan ba shi da jijiya, shi ya sa in ya fara lalacewa ba a jin kome. Kuma in ya rurake ya zama kogo, jiki ba ya sake gina shi kamar yadda fata ke warkewa.

Akwai abu guda da ya kamata kowane uba ya sani. Yaro yana da kamar shekara shida, waɗansu turame huɗu su kan fito can ƙarshen baki, a bayan haƙoran farko, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa su kan zaci na yarinta ne, za su fita, sai su ƙyale su su ruɓe. Alhali kuwa na girma ne, ba su da madadi, kuma su ne suka fi yin kogo.

2. BA TSUTSA BA CE

Mutanenmu su kan ce tsutsa ce ke cin haƙori. Ba mu kaɗai muka ɗauka haka ba, mutanen ƙasashe da yawa sun daɗe a kan wannan zato. Amma da aka sami madubin likita aka duba, ba a ga tsutsa ba. Abin da aka gani shi ne waɗansu ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, suna zaune cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Kowa ya kankare haƙorinsa da farce da safe zai ga dauɗar.

A 1890 wani likitan haƙori mutumin Amurka mai aiki a Jamus, sunansa Miller, ya bayyana yadda abin yake. Ƙwayoyin nan sukari ne abincinsu. In sun ci, sai su fitar da wani ruwa mai tsami, shi ne ke narkar da ɓawon haƙori kaɗan kaɗan. Daga baya, a 1940, wani likita mai suna Stephan ya auna tsamin a bakin mutane. Ya ga cewa mintoci kaɗan bayan an sa sukari a baki tsamin ke tashi, kuma sai an yi kamar rabin sa'a ko sa'a guda kafin miyau ya wanke shi baki ya koma daidai.

Miyau kuwa babban mai gadi ne. Yana kashe tsami, yana kuma mayar wa ɓawon haƙori ɗan abin da ya zube, muddin dai an ba shi lokaci. Watau kullum ana ja-in-ja a bakin mutum: tsami yana rushewa, miyau yana yaɓe. In yaɓe ya riski rushewa, haƙori ya zauna lafiya. In rushewa ta yi yawa, sai a ga wani farin tabo kamar alli a gindin haƙori, daga nan ya koma baƙi, daga nan kogo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kogo ya kai ga jijiya, nan ne ciwon da ke hana barci ke farawa.

3. YAWAN SHA DA YAWAN MAIMAITAWA

Ga wurin da ya kamata malamai su lura ƙwarai, gama shi ne zuciyar maganar. Yawan sukarin da aka sha yana da illa, amma yawan maimaita sha a yini ya fi ɓarna ga haƙori.

Bari mu yi lissafi. A ce yara biyu, kowa ya sayi minti goma da kuɗin barka da Salla. Na farko ya zauna bayan ya ci tuwon Salla ya shanye nasa duka a zama ɗaya, ya kurkure baki. Haƙoransa sun sha tsami na kamar sa'a guda, daga nan miyau ya kama aikinsa har dare. Na biyu kuwa ya zuba nasa a aljihu, yana jefa ɗaya a baki kowace sa'a, tun hantsi har isha'i. Sau goma ke nan, kowane sau aƙalla rabin sa'a, jimla sa'a biyar haƙoransa na jiƙe cikin tsami. Minti goma goma suka sha, amma ɓarnar ba ɗaya ba ce. Sau da yawa yaron da ake yaba wa da tattali shi ne ya fi cutuwa.

An tabbatar da haka a ƙasar Suwidin, a wani asibiti da ake kira Vipeholm, tsakanin 1945 da 1953. An gwada mutum 436. Waɗansu aka ƙara musu sukari tare da abinci, waɗansu kuma aka riƙa ba su alewa mai danƙo tsakanin abinci da abinci, har guda 24 a yini. Na farko ɓarnarsu kaɗan ce, na biyun kuwa haƙoransu suka lalace ƙwarai. Wajibi ne a faɗi cewa gwajin nan zalunci ne, gama marasa lafiyar ƙwaƙwalwa aka yi wa, waɗanda ba su da ikon su ce sun yarda ko sun ƙi, kuma dokokin likitanci na yanzu sun hana irinsa. Amma abin da aka gano ya tabbata. A dalilinsa mutanen Suwidin suka ɗauki al'adar ba yara alewa ran Asabar kaɗai, sau ɗaya a mako.

Akwai wata shaida kuma. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sukari ya yi wuya a Ingila, hukuma ta ƙayyade abin da kowa zai saya tun daga 1940, ba a sake shi ba sai 1953. A shekarun nan ruɓewar haƙoran yara ta ragu. Da sukari ya dawo kasuwa, ita ma ta dawo.

4. ZAƘIN JIYA DA NA YAU

Kakanninmu ma sun san zaƙi. Suna da zuma da rake da mazarƙwaila da dabino da maɗi, ana yin nakiya da alkaki domin biki da Salla. Sai dai a wurinsu zaƙi baƙo ne, ya zo ya tafi. Farin sukari na kanti abin masu hali ne. Masana'antar sukari ta Bacita ba ta fara aiki ba sai a shekarun 1960. Yau kuwa daga Zango zuwa 'Yardaje, daga Rogogo zuwa Garni, da wuya a sami ƙauyen da babu mai tebur, ga minti ga biskit ga cingam ga lemon kwalba, ga mai shayi safe da dare. Baƙo ya zama ɗan gida.

Kayan zaƙi ba ɗaya suke ba wajen ɓarna. Ga yadda suke:

Masu danƙo, irin su hanjin ligidi da iloka da tuwon madara da alewar madara da gullisuwa. Waɗannan su kan maƙale a lungunan turame su daɗe, su ne kan gaba.

Masu tauri da ake tsotsa, irin su minti da alewa mai tsinke. Ɓarnarsu ita ce daɗewa a baki. Wanda ya tauna su da ƙarfi kuma yana iya fasa haƙori.

Na sha, irin su lemon kwalba da zoɓo da kunun zaƙi da shayi mai sukari da yawa. Lemon kwalba laifinsa biyu ne, ga sukari, ga shi da tsamin kansa mai cin ɓawon haƙori. Wanda ya fi muni shi ne a riƙe kwalba ana kurɓa kaɗan kaɗan duk yamma.

Masu gari da sukari, irin su cincin da dubulan da alkaki da biskit, waɗanda ke laƙewa tsakanin haƙora.

Kada a ce zuma da mazarƙwaila na gargajiya ne, ba su da laifi. Ƙwayoyin cuta ba su san bambanci ba, duk zaƙi ne a wurinsu. Amma 'ya'yan itace da aka ci ɗanyu, kamar mangwaro da gwaiba da kankana, da gyaɗa da nono marar sukari da nama da ƙwai, waɗannan sun fi alewa sauƙi nesa ba kusa ba, ga kuma gina jiki.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da ke ba jiki ƙarfi a yini. Ga babban mutum wannan kamar giram 50 ne, watau ƙaramin cokalin shayi 12. Ta ce in an rage zuwa rabin haka, cokali 6, ya fi. Yaro kuwa nasa bai kai haka ba. To, kwalbar lemo guda ta kan ƙunshi kamar cokali 8 ko 9. Ku auna da kanku. Gwamnatin Tarayya ma ta lura da al'amarin, har Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai sukari. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 kuma ya nuna mutane wajen biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, ruɓewar haƙori ce kan gaba a cikinsu.

5. ABIN DA ZA A YI A GIDA

Rigakafi ya fi magani, a nan kuwa ya fi shi araha ƙwarai. Ga abin da za a gaya wa masu gida da matansu:

(a) A ba yara zaƙi bayan sun ci abinci, a zama ɗaya, kada a bar su da shi a aljihu duk yini.

(b) Bayan zaƙi a kurkure baki da ruwa. Tsakanin abinci da abinci, ruwa ya zama shi ne abin sha.

(c) Kada a sha zaƙi lokacin kwanciya. In mutum ya yi barci miyau kan ragu ƙwarai, mai gadi ya tafi hutu ke nan, tsami ya kwana yana aiki.

(d) A goge haƙora sau biyu a yini, da safe da kuma kafin barci, kamar minti biyu kowane sau. Na dare ya fi muhimmanci.

(e) A nemi man goge baki mai sinadarin fulorayid, ana rubuta shi a jikin kwali. Wannan sinadari yana ƙara wa ɓawon haƙori ƙarfin jure tsami. An fara zuba shi a ruwan famfon wani gari na Amurka mai suna Grand Rapids a 1945, aka ga ruɓewar haƙoran yaran garin ta ragu sosai. Yaron da bai kai shekara uku ba a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake. In an gama a tofar, kada a bi da ruwa mai yawa, domin maganin ya zauna a haƙori.

(f) Yaro ba ya iya goge bakinsa da kyau sai ya kai kamar shekara bakwai. Kafin nan uwa ko yaya ta taimaka masa. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

(g) Kada a zuba wa jariri sukari a kwalbar shayarwa, kada a bar shi ya yi barci da ita a baki. Zuma kuwa likitoci sun hana a ba jaririn da bai cika shekara ba.

(h) In an sha abu mai tsami, kamar lemo ko tsamiya, a kurkure, a jira kamar rabin sa'a kafin a goge, gama a lokacin ɓawon ya yi laushi.

Watan azumi ma yana da nasa. A kan sha kunu da zoɓo da shayi tun daga buɗa-baki har sahur, a koma barci ba a wanke baki ba. Ya kamata a goge bayan sahur da kuma kafin kwanciyar dare.

6. ASAWAKI

Kada wani ya ce tun da ba shi da kuɗin buroshi da makilin, shi ke nan. Asawaki sunna ce, kuma likitoci sun yarda yana fitar da dauɗar haƙori in an yi shi da kyau. Ga darbejiya, wadda waɗansu ke kira bedi ko dogon yaro, kusan a kowace ƙofa. Ga marke, ga kuma irin wanda alhazai ke kawowa. Sai dai yawancin mutane haƙoran gaba kaɗai suke gogewa, alhali ɓarna a turame take. A tauna bakinsa ya yi laushi, a bi haƙori ɗaya ɗaya, ciki da waje da saman matauni, daga dasashi zuwa baki, a hankali. A riƙa yanke bakin da ya tsufa. Kowa da nasa, ba a aro. Malamanmu na Malikiyya sun halatta wa mai azumi yin asawaki da busasshen icce duk yini. Abu guda da asawaki ba shi da isasshensa shi ne fulorayid, saboda haka wanda ya sami hali ya haɗa biyu. Gawayi da toka da yashi kuwa kankare ɓawon haƙori suke yi, farin da suke kawowa na ɗan lokaci ne.

7. IN CIWO YA RIGA YA ZO

Kogo ba ya warkewa da kansa. In an je da wuri, likita zai share ruɓar ya cike gurbin, haƙori ya ci gaba da aiki shekaru. In an yi jinkiri, sai dai a cire. Kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi su kan kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma ba sa kashe cutar. In ciwo ya yi shiru bayan ya daɗe yana damu, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ruɓa tana nan tana gangarawa ƙasa.

A gargaɗi mutane kada su ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon haƙori, kada su danna ƙwayar magani a kan dasashi, gama ƙonewa suke yi. Kada kuma su miƙa bakinsu ga masu cire haƙori na kasuwa. Ƙarfen da ba a dafa ba yana ɗaukar ciwon hanta da sauran cututtukan jini daga wannan baki zuwa wancan.

Ga alamun da ba a kwana da su: kumburin fuska ko ƙarƙashin haɓa, zazzaɓi tare da ciwon haƙori, kasa buɗe baki, ko wahalar haɗiya da numfashi. Wanda aka ga haka gare shi a kai shi asibiti nan da nan, gama ruɓar haƙori in ta bazu tana kisa. Ma'aikatan asibitin da ke kusa za su nuna inda likitan haƙori yake, ko a Daura ko Katsina ko Kano.

Akwai kuma wata cuta dabam da ake kira noma, waɗansu su ce ciwon iska, wadda ke cin fuskar ƙananan yara. Ita ba sukari ke kawo ta ba. Yunwa ce da ƙazantar baki da raunin da ke bin ƙyanda. Ta kan fara da gyambo a dasashi da warin baki, cikin kwanaki kaɗan ta huda kumatu. In an kai yaro da wuri magani na tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti musamman dominta tun 1999. Mun ambace ta ne domin uwar da ta saba duba bakin ɗanta ita ce za ta fara ganinta.

8. ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI

Na ɗaya, in Salla ta rage mako guda, a tara dagatai da masu unguwa, malamin hakimi ya karanta musu sashi na 3 da na 5 na wannan littafi, a sa sanƙira ya yi shela.

Na biyu, a roƙi limamai da malaman makarantun allo da na Islamiyya da na boko su tuna wa yara asawaki da kurkure baki. Maganar ba baƙuwa ba ce ga addini.

Na uku, a isar da saƙon cikin gidaje ta hannun ungozomomi da ma'aikatan lafiya mata, gama a hannun iyaye mata bakin yara yake.

Na huɗu, manya su fara da ƙofarsu. In yara sun zo gaisuwar Salla, a haɗa musu da gyaɗa ko soyayyen nama ko 'ya'yan itace. Abin da aka gani a gidan hakimi shi talaka ke kwaikwaya.

Na biyar, in ma'aikatan lafiya sun zo duba bakin yara, a ba su masauki da ɗan jagora. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, ta dace da irin wannan taro.

Yaron da haƙori ke damu ba ya cin abinci sosai, ba ya barci, ba ya karatu. Magidancin da ciwon ya kama da damina ya bar gona kwana da kwanaki, ga kuɗin mota ga na magani. Tsohon da ba shi da turame kuwa nama ya fi ƙarfinsa, sai kallo. Duk wannan ana iya tare shi da icce ɗan tsawon yatsa da moɗar ruwa da ɗan tsari wajen ba yara zaƙi. A sha alewar Salla, a yi murna, amma a sha ta bayan abinci, a zama ɗaya, a kwana da baki mai tsabta.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa hakimai lafiya, ya raya mana zuriya, ya maimaita mana Salla cikin zaman lafiya, amin.